Tramol: wahalar bari da yadda ake fita daga cikinta



A wannan fitowa zancenmu a kan manomi ne shi kansa, da wata ƙwaya wadda ta shiga aikin gona ba tare da an gayyace ta ba. Sunanta tramadol, amma a kasuwa tramol ake ce mata. Daga Birnin Ƙonni har Magarya, da wuya a sami kasuwar mako wadda ba a san ta ba. Ƴan barema suna sha kafin su kama hauya. Ƴan kabu-kabu suna sha, masu turin amalanke suna sha. Cikin samarin da suka tafi haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten tun daga 2014, akwai waɗanda suka dawo gida da ita a aljihu. Akwai kuma waɗanda likita ne ya rubuta musu ita bayan karaya ko bayan an yi musu aiki a asibiti. Ciwon ya warke, amma shan bai tsaya ba.

Illar tramol an sha faɗinta a rediyo da masallaci. Abin da ba a cika bayani a kai ba shi ne abin da ke samun mutum ranar da ya ce ya bari. Mutane da yawa sun gwada. Kwana ɗaya, kwana biyu, sai ciwo ya kwantar da su, sai su koma, suna cewa jikinsu ba ya tafiya sai da ita. Wannan ciwo yana da dalili, yana da kwanakinsa, kuma yana wucewa. A kansa za mu yi bayani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Magani ne, amma na likita

Tramol maganin kashe ciwo ne mai ƙarfi. A ƙasar Jamus aka harhaɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977. Danginsa su ne morfin da kodin, wato magungunan da ke aiki a jiki irin na ofiyom. A hannun likita yana da amfani ƙwarai ga wanda aka yi wa aiki, da mai karaya, da mai ciwon daji.

Ƙwayar farmasi yawanci miligiram 50 ce. Miligiram awon magani ne, kamar yadda tiya take awon hatsi. Ga babban mutum, likita ba ya wuce miligiram 400 a yini da kwana. To ku dubi abin da aka rubuta a jikin ƙwayar kasuwa: 120, 200, 225, wata har 250. Wanda ya sha mai 225 guda 2 ya riga ya wuce iyaka. Wanda ya sha guda 4 ya sha miligiram 900, fiye da ninki biyu.

Yawancin wannan ƙwaya daga Indiya ake kawo ta, ta jirgin ruwa, sannan ta shigo ƙasarmu ta kan iyaka a ɓoye. A watan Satumba na 2017 an kama ƙwaya fiye da miliyan 3 a nan Nijar, cikin kwalaye masu ɗauke da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya don a ruɗi ma'aikata. A maƙwabciyarmu Nijeriya, binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 4 da dubu 600 suna shan tramol da danginsa ba da izinin likita ba. A shekarar ce Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin, Indiya kuma ta tsananta doka a kan fitar da tramol.

Sai ƴan kasuwar suka sake dabara. A watan Fabrairu na 2025 gidan rediyon BBC ya bankaɗo cewa ana shigo da wasu ƙwayoyi Afirka ta Yamma masu suna kamar Tafrodol da Super Royal-225. Kamanninsu na tramol ne, amma cikinsu wani magani ne mai suna tapentadol, wanda ya fi tramol ƙarfi, an gauraya shi da wani mai saukar da jijiyoyi. Indiya ta hana yin wannan haɗi a cikin watan. Abin da ya shafe mu a nan shi ne: mai sayen ƙwaya a tebur bai san abin da yake haɗiya ba, mai teburin ma bai sani ba.

Yadda jiki ke kamuwa

Allah ya yi wa jikin mutum nasa maganin ciwo. Ƙwaƙwalwa ce ke fitar da shi kaɗan-kaɗan, shi ya sa manomi ke iya yini a gona da ƙaya a ƙafa, sai dare ya ji zafinta. Idan tramol ya shiga, wurin da wannan magani na jiki ke zama nan yake zama, da ƙarfin da ya fi nasa. Ciwo ya kwanta, gajiya ta ɓuya. Gajiyar ba ta tafi ba, ji ne mutum ba ya yi.

Idan ana sha kullum, cikin ƴan makonni jiki zai saba. Ƙwaya ɗaya da ke kai mutum magariba sai ta tsaya a azahar. Sai ya ƙara ta biyu, sai ta uku.

Ku ɗauki misalin sa da aka ɗaure wa igiya. Kuna ja, yana ja. Kullum kuna ƙara ja, shi ma yana ƙara turjewa, har ya saba tsayuwa da dukan ƙarfinsa a kan igiyar. Idan aka tsinke igiyar farat ɗaya, ina san zai nufa? Haka tramol ke danne zuciya da hanji da jijiyoyi, su kuma suna turjewa. Ranar da aka janye ƙwayar gaba ɗaya, sai duk su zabura. Hanjin da ya daɗe a ƙulle ya saki zawo. Jikin da ya daɗe bai ji ciwo ba ya ji shi ko'ina. Wannan shi ne ciwon bari.

Ba ya zaɓen mutum. Yana kama ɗan barema, yana kama liman idan likita ya daɗe yana ba shi maganin. Ba lalacewar hali ba ce, ba rashin zuciya ba ne, sabon jiki ne.

Kwanakin wahala

Yakan fara tsakanin awa 12 da awa 24 bayan ƙwayar ƙarshe. Da fari sai hamma ba iyaka, hawaye da majina kamar mai mura, gumi, tsigar jiki tana tashi. Mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Ransa ya ɓaci ba dalili.

Rana ta biyu da ta uku su ne tsakiyar wuta. Ciwon baya, ciwon gaɓoɓi, kamar an yi wa mutum duka da taɓarya. Murɗar ciki, zawo, amai. Sanyi ya kama shi yanzu, zafi ya kama shi an jima. Ƙafafu ba su tsayawa a shimfiɗa, sai motsi. Barci ya ƙaura. A nan ne mutane suka fi komawa, don sun san ƙwaya ɗaya za ta kashe duk wannan cikin ɗan lokaci. Gaskiya ne za ta kashe shi. Amma gobe yana nan yana jira, kuma kwana biyun da aka sha wuya sun tafi a banza.

Daga rana ta huɗu ko ta biyar abin ya kan fara sauka. Yawancin mutane, cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ciwon jiki ya lafa. Abin da ke saura shi ne kasala, da ƙarancin barci, da baƙin rai, da kwaɗayin ƙwayar. Waɗannan sukan ɗauki makonni, wani ma watanni.

Tramol yana da wani hali da sauran danginsa ba su cika yi ba. Bayan kashe ciwo, yana taɓa wurin da ke riƙe da hankali da natsuwa. Saboda haka wajen mutum 1 cikin 8 masu ciwon bari sukan sami wata irin wahala dabam: tsoro mai tsanani, ruɗewa, jin kamar kiyashi na yawo a hannu da ƙafa, jin muryoyi, ko ganin abin da babu shi. A ƙauye nan take sai a ce iska ce, ko an yi masa sammu. Kafin a sayar da akuya a kai shi wani wuri, a tambaye shi, ko a tambayi abokansa: yana shan ƙwaya? Yaushe ya daina? Sau da yawa amsar tana nan.

Wasu kuma sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, don sun yi kama. Wannan da sauƙin rabewa: a gidan likita ana ɗiban ɗigon jini a yatsa a gwada. A yi gwajin, musamman da damana, don mutum yana iya ɗauke da duka biyun.

Inda haɗarin yake

Ciwon bari shi kaɗai ba ya cika kisa ga mai lafiya. Amma akwai wurare da ba a wasa da su.

Na farko ƙarewar ruwan jiki. Zawo da amai da gumi a zafin ƙasarmu suna iya busar da mutum cikin yini biyu. A ba shi ruwan gishiri da sukari, irin na fakiti da ake ba yara masu zawo. Idan babu fakitin, a sami ruwa mai tsabta lita 1, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da yana amai. Idan fitsari ya ɗauke, ko idanu suka faɗa, ko komi ya sha sai ya dawo, a ɗora shi a amalanke a kai shi likita.

Na biyu faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Tramol mai yawa yana kawo ta ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma duk mun san abin da ke faruwa idan ta sami mutum a bakin rijiya ko a kan babur. Idan mutum ya faɗi, a kawar da wuta da ƙarfe daga kusa da shi. Kar a danne shi, kar a sa masa cokali ko tsumma a baki, kar a ɗura masa ruwa. Idan jijjigar ta tsaya a kwantar da shi a gefensa. Sannan likita.

Mai haɗa tramol da ƙwayar barci irin su diyazefam, ko mai shan giya kullum, kar ya yanke su da kansa ko kaɗan. Barin waɗannan farat ɗaya yana iya kashewa. Haka mai shan sababbin ƙwayoyin nan masu haɗi.

Mace mai ciki da ta saba da tramol ita ma kar ta yanke lokaci guda, don cikin yana iya zubewa ko haihuwa ta zo kafin lokaci. Ta faɗa wa ungozoma ko likita wajen awon ciki. Jaririn da aka haifa ma yakan yi nasa ciwon bari, da kuka da makyarkyata da ƙin nono, kuma ana iya taimakonsa idan an sani tun da wuri.

Ragewa ta fi yankewa

Hanyar da likitoci suka fi yarda da ita ita ce a sassauta igiyar sannu a hankali. Mutum ya je gidan likita ya faɗi gaskiya: ƙwaya nawa a rana, mai lamba nawa, tun yaushe, da me yake haɗawa. Ya tafi da kwalin. Wasu suna tsoron likita zai haɗa su da jandarma. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma sirrin maras lafiya amana ce a wuyansa. Wanda ya ce yana shan 2 alhali 6 yake sha, kansa ya cuta, don da ƙidayar da ya bayar za a yi masa tsari.

Yawanci akan rage kashi 1 cikin 10 na abin da mutum ke sha, a tsaya mako ɗaya ko biyu jiki ya saba, sannan a sake ragewa. Wanda ya shekara yana sha, ko fiye, akan tafi da shi a hankali fiye da haka, har watanni. Idan wani mataki ya yi wuya, a daɗe a kansa, amma kar a koma sama. Matakan ƙarshe su suka fi wuya, kar wanda ya yi mamaki. Da ƙwayar farmasi ake wannan aiki, a kan takardar likita, don ita ce aka san awonta. Ta tebur yau ƙarfi, gobe gari.

A nan karatun yaƙi da jahilci zai yi muku rana. Ku sami kaye, ku ja layi uku: rana, abin da aka sha, yadda aka kwana. Ku riƙa kai wa likita yana gani. A shafin baya ku yi wani lissafi. A ce mutum yana kashe dala 100 a kan ƙwaya kowace rana. A wata jikka 15 ke nan, a shekara jikka 180. Kowa ya tambayi farashin buhun hatsi a kasuwarsu ya raba ya gani.

Likita yana da magungunan da ke rage wahala ba tare da sun kama jiki ba: parasetamol don ciwon gaɓoɓi, maganin zawo, maganin amai. Parasetamol ma yana da iyaka. Babba kar ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana, don yawansa yana ɓata hanta. Abin da za a guje shi ne maye gurbin tramol da maganin tari mai kodin ko ƙwayar barci. Wannan sauyin ubangida ne kawai.

Idan abin ya fi ƙarfin likitan ƙauye, musamman ga wanda hankalinsa ya ruɗe, zai tura shi gaba, zuwa asibitin gunduma ko babban asibitin jiha. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen masu taɓin hankali, kuma ana karɓar masu wahalar ƙwaya a can.

A zaɓi lokaci

Manomi ya san ba a shuka da rani. Bari ma yana da lokacinsa. Wanda ya ce zai daina a tsakiyar noman farko, ga haki ya taso, ga hatsi yana jira, da wuya ya kai kwana uku. Gona za ta kira shi, jiki ya ƙi, ya aika yaro tebur.

A ganinmu babu kamar bayan girbi. Hatsi yana rumbu, akwai abin kunu da fura, aiki ya yi sauƙi, sanyi ya fara sauka. Wanda ya fara ragewa a kaka yana da watanni a gabansa kafin ruwan shuka. Masu noman rani, irin masu albasa na Galmi da masu lambu a fadama, su dubi nasu tsarin aiki su zaɓi lokacin da hannu ya fi sakewa. Bazara ba ta da kyau ga mai zawo. Mai niyyar azumi kuma ya fara tun watanni kafin a ga wata, kar ya bari ranar farko ta azumi ta zama ranar farko ta bari.

Wannan shawara ba ta shafi wanda ya taɓa faɗuwa ba, ko mai ciki. Su yau za su je likita.

Aikin mutanen gida

Mai ciwon bari ba ya iya wa kansa. Yana bukatar mutum ɗaya da ya yarda da shi, wa ko ƙane, mata ko aboki, wanda zai riƙe maganin ya riƙa ba shi na rana a rana. Yana bukatar mai dama masa kunu, mai ɗora masa ruwan wanka mai ɗumi, mai matsa masa ƙafafu da dare. Zai yi faɗa, zai yi zagi, zai rantse cewa mutuwa zai yi. A yi haƙuri da bakinsa na kwanakin nan. Amma idan ya fara zancen kashe kansa, kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya daga ɗakin, a sanar da likita a ranar.

Akwai gidajen da ke ɗaure yaro da mari, ko su kulle shi a ɗaki, ko su yi masa bulala. Sarƙa ba ta taɓa fitar da ƙwaya daga jini ba. Mai zawo da amai da aka kulle shi ba mai dubawa yana iya mutuwa a ɗakin. Addu'a a yi ta, tana ƙarfafa zuciya, a haɗa ta da zuwa likita.

Masu gona su ma da nasu laifi. Wanda ya ɗauki ƴan barema ko ya kira gayya, ya jefa musu ƙwaya cikin shayi don a gama gona da wuri, ya sani lafiyar ɗan wani yake sayarwa. Har dabbobi ba su tsira ba. A 2013 wasu masana sun ba da labarin sun sami tramol a saiwar tafashiya a ƙasar Kamaru, har aka yi murna cewa itace ne ke yin sa. A 2014 wasu masanan suka sake bincike a arewacin ƙasar, suka gano daga fitsari da kashin mutane da shanu ya shiga ƙasa, saiwar ta tsotse shi, don manoman wurin suna sha, suna kuma ba shanun noma. San da ba ya jin gajiya sai ya yi aiki har ya faɗi.

Bayan an bari

Ga abin da ya fi kashe mutane, kuma kaɗan ne suka san shi. Wanda ya yi mako biyu ko uku bai sha ba, sabon jikinsa ya sauka. Ƙwaya 5 da yake haɗiya a da ya tafi gona, yanzu suna iya tsayar masa da numfashi. Haka wanda ya fito daga kaso ko daga asibiti. Idan kuka ga mutum ya yi barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa yana fita da ƙyar ko yana minshari mai nauyi, leɓɓansa sun sake launi, kar ku ce a bar shi ya huta. Ku kwantar da shi a gefensa, ku nemi mota ko amalanke nan take. Akwai allura mai suna nalokson wadda ke karya ƙarfin irin wannan magani, kuma a asibiti ake neman ta.

Wanda ya zame ya sha sau ɗaya, kar ya ɓoye. Ya koma wurin likita a gyara tsarin daga inda aka tsaya. Mutane da yawa sai a gwaji na biyu ko na uku suke fita.

Sai kuma ciwon da ya sa aka fara sha tun farko. Idan baya ne, ko ƙugu, ko gwaiwa, ko haƙori, yana nan, kuma zai fito fili da zarar ƙwaya ta janye. A nuna wa likita shi, a yi maganinsa da sunansa. Damanar farko ba tare da tramol ba, aiki zai yi nauyi. A fita gona da sassafe, a huta idan rana ta take, a sha ruwa da fura, a raba gonar kwana-kwana. Ƙarfi yana dawowa, amma a hankali.

Masu sauraro a ƙungiya, ku karanta wannan takarda a zamanku na gaba, ku gayyaci likitan garinku ya amsa tambayoyi. Tambayar da ba a sami amsarta ba, ku rubuto mana ita, ba sai kun sa suna ba.